Ma'anar "en primeur" a kasuwar giyar inabi ta Bordo

A Faransanci, "primeur" na nufin amfanin gona na farko da ya riga saura shiga kasuwa, kamar tumu a wurin manomin gero. A yankin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa kuwa, "en primeur" sunan wani ciniki ne: a ɗanɗana giyar inabi tun tana ganga ba ta nuna ba, a yi mata kuɗi, a biya, sannan a jira kusan shekara biyu kafin a karɓi kwalba. Wannan daban yake da giyar "Beaujolais nouveau", wadda ake fitarwa a kwalba ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba don a sha nan take.

Ana tsinke inabi a Satumba da Oktoba. Bayan ruwan ya tsima, sai a zuba shi a gangunan katako masu cin lita 225, wato kwalba 300, inda yakan yi wata 12 zuwa 24. A watan Afrilu, yana ɗan wata shida ke nan, 'yan kasuwa da masu sharhi suke cika gidajen gonar. Ƙungiyar Union des Grands Crus de Bordeaux, wadda aka kafa a 1973, ita ke shirya manyan zaman ɗanɗanon.

Mai ɗanɗano ba daɗi yake nema ba, don giyar a wannan lokaci ba ta da shi. Yakan duba launi, ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Abin da ya fi sa wa ido shi ne bauri, irin wanda ɗanyen goro ke bari a harshe, wanda ke fitowa daga ɓawo da ƙwallon inabi. Bauri mai laushi alama ce inabin ya nuna sosai, kuma giyar za ta jure ajiya. Wanda ke busar da dasashi yana barin ɗaci kuwa, ko dai an tsinke inabin bai kai ba, ko an matse shi fiye da kima, kuma shekaru ba sa cika gyara wannan. Sai tsami, wanda in ya yi ƙaranci giyar takan yi lami da wuri.

Babbar matsalar ita ce, abin da ke cikin kofi samfuri ne kawai. Giyar Bordo gauraye ce, galibi na nau'o'in inabin Cabernet Sauvignon da Merlot, kuma wasu gidajen ba su gama haɗin ƙarshe ba a Afrilu. Samfurin da aka ɗebo daga sabuwar ganga ƙamshin katako kan rufe shi. Wanda ya yi kwanaki a kwalba iska ta shige shi, ya dusashe. Harshen mai ɗanɗano ma yakan gaji bayan kofi hamsin ko sittin. A ganina, duk makin da aka bayar a nan kirdado ne na gwani, shi ya sa masu sharhi ke rubuta "94 zuwa 96" cikin ɗari maimakon lamba ɗaya. Ba'amurken mai sharhi Robert Parker ya yi suna ne da yabon da ya yi wa girbin 1982 tun yana ganga.

Daga nan sai farashi. Gidan gona ba ya sayar wa mai sha kai tsaye: dillali ne ke shiga tsakani, la'adarsa kashi 2 cikin ɗari, ya haɗa shi da manyan 'yan sarin Bordo, su kuma su rarraba wa duniya. Mai gona ya sami kuɗin aiki da wuri, mai saye yana fatan araha. Fatan ba kullum yake cika ba. Da yawa cikin waɗanda suka sayi girbin 2010 da tsada sun ga farashi ya sauka bayan an zuba a kwalba, kuma in mai shagon da aka ba kuɗi ya karye kafin kaya su iso, kuɗin na iya salwanta. A 2012 gidan Château Latour ya sanar da ficewa daga tsarin, yanzu yana riƙe giyarsa sai ya ga ta isa sha kafin ya fitar.