Sayar da gasar besbol ta 1919: amsar tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wai me ya faru ne?

An zargi 'yan wasa takwas na ƙungiyar White Sox ta Shikago da haɗa baki da 'yan caca don su zubar da gasar World Series ta 1919, wato gasar fitar da zakaran besbol na Amurka. Cincinnati Reds ta ci wasa 5, su suka ci 3. Shi ke nan.

Me ya sa kullum masu jifa ake ambata?

Don ƙwallo daga hannun mai jifa take fita. In bai shiga ba, ciniki ba ya faɗawa. Eddie Cicotte, mai jifan White Sox wanda ya ci wasa 29 a kakar, ya tarar da dala 10,000 na cin hanci a ƙarƙashin matashin kansa a otal. A wasan farko, jifansa na biyu ya sami Morrie Rath, mai dukan ƙwallo na Reds, a gadon baya, alama ga 'yan caca cewa magana tana nan. Lefty Williams kuwa, shi ma mai jifa, wasa uku aka ba shi, duka ya zubar.

Ke nan duk masu jifan ƙungiyar maciya amana ne?

Haba! Ku daina yi musu kuɗin goro. Dickie Kerr bai karɓi ko sisi ba, kuma ya ci wasa biyu.

To ta yaya mai kallo zai gane mai jifa da gangan yake zubar da wasa?

Nan ne wuyar take, kuma duk wanda ya ce maka yana da ma'auni, yi hattara da shi. Gwani ma yakan wayi gari hannu ya ƙi. Mai zubarwa ba ya jifa kamar mahaukaci. Sassauta ƙarfi kaɗan ya isa, ko ya miƙa ƙwallo daidai inda mai duka yake so, sau biyu ko uku a wasa. Wani lokaci ma ba a jifan abin yake ba: a wasa na huɗu Cicotte ya yi jifa mai kyau, amma ya tafka kuskure biyu wajen kama ƙwallo a zagaye na biyar, aka ci su 2 da babu. Sai kuma ga shi ya ci wasa na bakwai. To me za ka ce? A ganina kasuwar caca ta fi filin wasa tona asiri, don tun kafin a fara kuɗi suka riƙa kwarara wajen Reds. Ko wannan ɗin ma zato ne kawai. Abin da ya tabbatar shi ne Cicotte ya amsa da bakinsa a Satumban 1920.

An ɗaure su?

A'a. Kotu ta wanke su a Agustan 1921. Washegari Kwamishinan besbol Kenesaw Mountain Landis ya haramta wa duka takwas ɗin wasa har abada.

Su suka fara?

Ina! Tun 1877 aka kori Jim Devlin, mai jifan Louisville Grays, kan irin wannan laifi.