Yaro ya kwanta da mura a ƙasar waje: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Da zarar hunturu ya kunno kai a Kaduna, can Turai da Amurka ma sanyi ya kankama, sai waya ta fara shigowa gida: yaron da aka tura karatu yana kwance, murya ta dushe, ya je wurin likita an sallame shi ba allura ba ƙarin ruwa. Wata maƙwabciyata a Unguwar Rimi har da hawayenta, wai Turawa sun wulaƙanta mata ɗa. Tambayoyinta ne na haɗa da na wasu iyayen.

Mura ce fa kawai, me zai kwantar da ƙato kwana biyar?

Hausa ce ta haɗa cuta biyu a suna ɗaya. Akwai murar atishawa da majina, wadda mutum zai ɗaure ya fita kasuwa. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai faɗo wa mutum farat ɗaya: da safe garau, kafin magariba ga masassara, ciwon kai, busasshen tari, gaɓoɓi kamar an yi masa dukan tsiya. Takan bayyana kwana ɗaya zuwa huɗu bayan an ɗauka, ta yi kamar mako guda, tarin kuma ya kai mako biyu ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara.

Me ya sa likitan ya hana shi magani?

Hajiya, ba rowa ba ce. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, su amoksisilin kuwa bakteriya suke kashewa, ba ruwansu da bairos. Mu ne muka saba da shiga kemis mu ce a haɗa mana na mura, a ƙullo mana kala biyar a leda. A Ingila ko Jamus ba mai sayar maka da irin su amoksisilin sai da takardar likita. Akwai maganin cutar kanta, Tamiflu, wanda ya fi aiki cikin awa 48 na farko, amma an fi ba masu rauni: mai ciki, tsoho, mai asma, mai ciwon suga, mai sikila.

To mu aika masa da maganin maleriya?

Nan ne hatsarin yake. A wajenmu duk zazzaɓi maleriya ne, idan ya ƙi sauka a ce taifod. Likitan can kuma tsakiyar sanyi duk zazzaɓi mura yake gani, ga farkon cututtukan biyu kamar an tsaga kara. Yaron da ya shekara biyu bai taka Najeriya ba, da wuya a ce sauro ne. Amma wanda ya zo hutu Kawo ko Tudun Wada, ya koma bai fi wata ɗaya ko biyu ba jiki ya yi zafi, kada ya bari a sallame shi da "je ka huta". Ya buɗe baki ya ce daga Najeriya yake, ga ranar da ya dawo, a gwada jininsa a ranar. Maleriyar ƙasarmu kan kai mutum kushewa cikin 'yan kwanaki idan aka yi sakaci, kuma wanda ya daɗe a waje juriyar da jikinsa ya saba da ita ta ragu. Hukumomin lafiya na can ma cewa suke a riƙa ambaton tafiyar har shekara guda bayan dawowa. Haɗiyar ragowar maganin da aka taho da shi a jaka kafin gwaji kuwa, rikita sakamako kawai take yi.

Me zai yi a ɗaki?

Kwanciya, ruwa da yawa, farasitamol: babba ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. Ya karanta jikin kwali, domin garin Lemsip da ake damawa da ruwan zafi akwai farasitamol a ciki, haka Tylenol na Amurka, suna ne kawai ya canza. Haɗa su na iya taɓa hanta. Yaron da bai kai shekara 16 ba kada a ba shi asfirin. Shayin citta da kanumfari da zuma yana sanyaya maƙogwaro, ban hana ba, sai dai ba ya kashe cutar. Farfesu ma idan an sami mai yi. Ai rashin mai miƙo kofin kunu ya fi zazzaɓin sa su kuka a waya.

Yaushe za a nufi asibiti?

Idan numfashi ya yi wuya, ƙirji na ciwo, tari da jini, magana ta fara ruɗewa, ko kuma an sami sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, wanda kan nuna nimoniya, wato ciwon huhu. A Birtaniya lambar waya 111 ta shawara ce, 999 ta gaggawa. Amurka 911, ƙasashen Tarayyar Turai 112. Yin rajista da likitan unguwa a Birtaniya kyauta ne, amma yaranmu sai sun kwanta suke tunawa.

Rigakafin fa?

Duk shekara ake sabunta shi, saboda ƙwayar na canza kama. A yi shi wajen Oktoba, yana ɗaukar kusan mako biyu kafin ya fara kare jiki. Maniyyata ma Saudiyya na ba su shawarar yin sa, wanda ya taɓa tarar alhazai da tarinsu a filin jirgin Kaduna ya san dalili.