Giɓin kasafin kuɗin jihohi da ƙananan hukumomi a Najeriya

Giɓin kasafin kuɗi shi ne ratar da ke tsakanin abin da gwamnati ke samu da abin da ya wajaba ta kashe. Iri biyu ne. Akwai na wucin gadi, wanda faɗuwar farashin mai ko annoba ke haifarwa, akwai kuma mai ɗorewa, wanda ke dawowa kowace shekara saboda albashi da fansho da biyan bashi sun fi ƙarfin kuɗin shiga na yau da kullum. Na biyun shi ne ya addabi yawancin jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 na Najeriya.

Asali

A zamanin En'e, hukumomin gargajiya na Arewa da kuɗin ƙasarsu suke riƙe kansu. Wajen 1911 aka fara kafa baitulmali a masarautu. Dagatai da masu unguwanni ke karɓar haraji da jangali, En'e ta riƙe rabi ko fiye, sauran ya tafi wa gwamnati. Da wannan ake biyan alƙalai da 'yan doka da malaman elementare. Tsari ne mai tsanani ga talaka, shi ya sa gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Sai dai ba a kawo wata hanyar kuɗi mai faɗi irin tasu ba.

A daidai lokacin, kuɗin mai ya tattara arziki a hannun tarayya. Kason da ake bar wa yankin da aka haƙo ma'adini ya kai kashi 50 cikin 100 gabanin yaƙin basasa, ya riƙa raguwa har ya koma ƙasa da kashi 2 a farkon shekarun 1980, kafin kundin tsarin mulkin 1999 ya tsayar da shi a kan aƙalla kashi 13. Jihohi kuma suka yi ta ƙaruwa: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sai 36 a 1996. Kowace sabuwar jiha na zuwa da gidan gwamnati da majalisa da sakatariya da rundunar ma'aikata, ba tare da an tambayi ko tana da masu biyan haraji ba.

Yadda kuɗin ke zuwa

Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya kafa asusun tarayya, inda ake tara kuɗin shigar ƙasa; kwamitin rabon asusun, wato FAAC, ke raba shi duk wata. Tun 2004 tarayya ke ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A tsakanin jihohi, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, sai goma-goma ga faɗin ƙasa, ci gaban al'umma da ƙoƙarin tara kuɗin cikin gida. Ke nan ladar ƙwazon tara haraji kaɗan ce. Harajin albashi shi ne ƙashin bayan kuɗin cikin gida, kuma a jihar da babu kamfanoni, gwamnati daga albashin ma'aikatanta take yankarsa, wato daga aljihun dama zuwa na hagu.

Bashi na ƙara ƙuntata lamarin. Jihar da ta sayar da takardun lamuni kan sa hannu a umarnin da ba a janyewa, wanda ke ba Akanta Janar damar cire kuɗin masu bin bashi kafin kaso ya bar Abuja.

Rikicin 2015

Gangar mai ta faɗi daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Jihohi da dama suka tara bashin albashi na watanni. Osun ta koma biyan manyan ma'aikata rabin albashi. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗauki matakai huɗu. Babban Banki ya ware kimanin naira biliyan 338 a matsayin rance ga jihohi 27 don biyan albashi, na shekara 20 da ruwa kashi 9. Ofishin kula da basussuka ya mayar da rancen bankunan kasuwanci na jihohi 23 zuwa takardun lamunin tarayya masu dogon zango. A 2016 aka buɗe tallafin kasafi mai sharuɗɗa 22, wanda Legas ba ta karɓa ba. Daga ƙarshen shekarar aka fara mayar wa jihohi rarar da aka cire musu wajen biyan bashin Kulob ɗin Paris, wato ƙungiyar ƙasashen da ke bin Najeriya bashi. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda wasu gwamnoni suka kashe kuɗin. Uku daga cikin matakan huɗu ɗage ranar biya kawai suka yi.

Hanyoyin gyara

Tantance ma'aikata shi ne mafi saurin tasiri. Ana ɗaukar hoton yatsun kowane ma'aikaci, a haɗa sunansa da lambar BVN, a gwada da fayil ɗinsa na ɗaukar aiki, don gano sunayen bogi, matattu, masu albashi biyu da waɗanda suka rage shekaru. Inda aikin ke lalacewa shi ne idan an yi shi sau ɗaya an tashi. Matuƙar jami'in da ke shigar da suna shi ne mai amincewa da biya, sunayen kan dawo cikin 'yan watanni. Gaggawa kuma kan sa a cire ma'aikatan gaskiya saboda saɓanin rubutun suna.

Asusun bai-ɗaya na haɗe asusun ma'aikatu a wuri guda, yadda jiha ba za ta ranci kuɗinta daga banki da ruwa ba. Kaduna ta fara shi a 2015, ta tattara dokokin harajinta cikin doka ɗaya a 2016, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. Kuɗinta na cikin gida ya haura naira biliyan 50 a 2020, ninki uku ko fiye na abin da take tarawa a 2015, ko da yake bashinta na waje ya hau a wannan tsakanin.

A ɓangaren fansho, dokar tarayya ta 2014 ta ɗora zuba kashi 8 cikin 100 na albashi a kan ma'aikaci, kashi 10 a kan mai ba da aiki. Matsalar jihohi ita ce a cire daga albashi a ƙi zubawa a asusu. Jigawa ta kafa nata asusun karo-karo na jiha da ƙananan hukumomi tun farkon shekarun 2000, kuma jihohi da yawa sun je koyon tsarin.

Shirin SFTAS na Bankin Duniya, na gyara yadda jihohi ke tafiyar da kuɗinsu, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, ya biya jihohi ne bayan sun cika sharaɗi, kamar wallafa kasafi da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci.

Ƙananan hukumomi

Kasonsu ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake bi, ana cire albashin malaman firamare da kason masarautu da na ayyukan haɗin gwiwa kafin ragowar ya isa ga ciyaman. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai-tsaye, ta kuma haramta ba kantomomi kuɗin. Ana taƙaddama kan aiwatarwa.

Bayan 2023

Cire tallafin mai da sakin darajar naira sun kumbura kason wata-wata. Amma bashin dala ya ƙara nauyi a lissafin naira, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024.