Murhun gashi na gawayi mai ƙarfe marar tsatsa

Murhun gashi na gawayi mai ƙarfe marar tsatsa nau'in murhu ne da ake gasa nama, kaji, kifi ko masara a kansa, wanda aka ƙera jikinsa, ko mafi yawansa, da ƙarfen da aka gauraya da sinadarin kuromiyam don kada tsatsa ta ci shi. Ya ƙunshi kaskon zuba gawayi, ragar ɗora abinci, da kafofin shigar iska, sau da yawa kuma yana da murfi. A kasuwannin Amurka da Turai yana cikin murhunan gashi mafiya tsada. Abin da mai saye ke biya shi ne tsawon rai, wato murhun da zai kwana a waje, ya sha damina da rani, bai ɓule ba. Daɗin nama kam ya fi ta'allaƙa ga gawayi da hannun mai gashi.

Tarihi

Gashi a kan garwashi ya girmi rubutu, kuma kusan kowace al'umma tana da nata salon. Turkawa da Larabawa suna da mangal, Japanawa suna da ƙaramin kaskon da suke kira shichirin, mutanen Ajantina suna da parrilla, a Afirka ta Kudu kuma ana cewa braai. Kalmar da Turawa suka fi sani, wato barbecue, ta samo asali ne daga barbacoa, sunan da mutanen Taino na tsibiran Karibiyan suke ba wani gadon itace da suke ɗora nama a kai su kyafe shi. Marubucin tarihi ɗan Sifaniya, Gonzalo Fernández de Oviedo, ya ambaci kalmar a 1526. Akwai masu cewa daga Faransanci ta fito, amma masana harshe ba su karɓi wannan ba.

Murhun da ake magana a kansa a nan ya haɗa abubuwa uku da kowanne ya zo ta tasa hanyar: ƙarfen, gawayin masana'anta, da murfin.

Ƙarfen ya fito ne daga neman makami. A 1913, Harry Brearley, wani masanin ƙarfe a ɗakin binciken Brown Firth da ke birnin Sheffield na Ingila, yana neman haɗin da zai hana cikin bututun bindiga saurin zaizayewa. A watan Agusta na shekarar ya narka wani ƙarfe mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100, ya kuma lura cewa ruwan asid ba ya cin sa yadda yake cin sauran. Ana ba da labarin wai a juji ya tsinci guntun yana ƙyalli cikin tarkacen da suka yi tsatsa, sai dai wannan ya fi kama da ƙarin gishiri. Da yake Sheffield garin maƙeran wuƙaƙe ne, wuƙar tebur aka fara yi da shi. Tun a 1912 kuwa, Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp a Jamus sun yi rajistar wani haɗi mai kuromiyam da nikel, Elwood Haynes ma a Amurka yana kan irin wannan aiki, don haka batun wanda ya riga wani bai mutu ba. A 1924 W. H. Hatfield, magajin Brearley a ɗakin binciken, ya daidaita haɗin nan na kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, wanda har yau shi ne gwarzon kayan girki.

Curarren gawayi kuma, wanda ake niƙawa a haɗa da sitaci a matse shi dunƙule-dunƙule, Ellsworth Zwoyer na jihar Pennsylvania ya yi masa rajista a 1897. Henry Ford ne ya watsa shi. Motocinsa na lokacin suna cin katako da yawa, sai ya buɗe injinan yankan katako a arewacin jihar Michigan da taimakon Edward G. Kingsford, mijin wata 'yar uwarsa. Tarin guntaye da garin katakon da ke saura ya dame shi, don haka a shekarun 1920 aka shiga mayar da su gawayi, ana sayarwa a shagunan dillalan motar Ford tare da 'yan ƙananan murhunan fita shan iska. A 1951 wasu 'yan kasuwa suka sayi sashen gawayin suka sa masa suna Kingsford.

Murfi shi ya zo daga baya. Murhunan bayan gida na Amurka a da buɗaɗɗu ne, iska na kwasar toka ta zuba a nama, kitse ya ɗiga wuta ta tashi. Grant Hastings na garin Tulsa ya fara ƙera murhun Hasty-Bake mai murfi a 1948. Wanda ya fi shahara shi ne George Stephen, ma'aikaci a kamfanin Weber Brothers Metal Works na Shikago, inda ake ƙera manyan ƙwallayen ƙarfe masu shawagi a kan ruwa don nuna wa jiragen ruwa hanya. A wajejen 1951 zuwa 1952 ya raba ɗaya gida biyu, ya yi wa ƙasan ƙafa uku, ya mayar da saman murfi, ya huda kafofin iska. Murhun Weber ɗin nan na ƙarfen yau da kullum ne da aka lulluɓe da fenti mai tauri irin na kwanon tangaran, ba marar tsatsa ba ne, amma shi ya yaɗa dabarar juya wuta da iska. Murhunan da aka yi gaba ɗaya da ƙarfe marar tsatsa ba su yawaita a gidaje ba sai a ƙarshen ƙarni na 20, lokacin da masu hali suka fara gina madafi a farfajiyar gida.

Ƙarfen da nau'o'insa

Ƙarfe ba ya shiga wannan rukuni sai yana da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke tare ruwa da iska. In an karce ta, takan sake tohowa da kanta. Sunan yana da ɗan yaudara: ƙarfen yana jinkirta tsatsa ne, bai fi ƙarfinta ba. Gishiri da ruwan bilic suna huda wannan fata su bar 'yan ramuka kamar na zanzana.

Masu ƙira suna bambanta nau'o'in da lamba. Lamba 304 shi ne mai kuromiyam 18 da nikel 8, kuma shi aka fi amincewa da shi ga jikin murhu da raga. Lamba 430 yana da kuromiyam kashi 16 zuwa 18 amma kusan babu nikel, ya fi araha, maganaɗisu yana kama shi, yakan yi jan tabo in ya daɗe a danshi. Lamba 316 an ƙara masa molibdenam kashi 2 zuwa 3, ya fi jure iskar bakin teku. Lamba 201 kuwa an rage masa nikel an cike da manganis. A ido ba a rabe shi da 304, shi ya sa ake yawan cutar masu saye da shi.

Ƙarfe marar tsatsa ba ya yaɗa zafi da sauri kamar baƙin ƙarfe, saboda haka gefe ɗaya kan yi jawur ɗayan bai kai ba. In falle ɗin siriri ne, wannan bambanci kan sa ya lanƙwashe, murfi ya daina rufuwa daidai. Zafi kuma yana sauya masa launi, daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa zuwa shuɗi. Wannan ba lalacewa ba ce.

Zaɓe

Lamba da kauri su ne gaba, ƙyalli ba ya nuna komai. A ma'aunin kaurin falle da Amurkawa ke amfani da shi, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 16 ya kai kusan milimita 1.5, 14 kuma kusan milimita 2. Kaskon gawayi, da yake shi ke shan wuta kai-tsaye, ana so ya fi sauran jikin kauri, kuma ya zama wanda ake iya zarewa a sauya, don shi ke fara mutuwa. Gwajin maganaɗisu da masu saye suka saba yi yana tona asirin 430, amma ba ya tona 201.

Masu sani sukan duƙa su leƙa ƙasan murhu. Sau da yawa murfi da gaba na 304 ne, amma kusoshi, ƙafafu da tayoyi na ƙarfen banza ne, kuma daga nan tsatsa ke farawa ta gangaro. Haɗin walda mai santsi ya fi na kusoshi ƙarko. Abin da ya fi raba murhu mai tsada da mai araha a wajen aiki shi ne kaskon da ake ɗagawa a sauke da mariƙi, da ƙofar da za a ƙara gawayi ba tare da an ɗauke raga ba.

Amfani

Ana hura gawayin a bar shi har ya yi farar toka a sama, abin da kan ɗauki minti 15 zuwa 20. Kananzir da fetur suna barin wari a nama, ga kuma haɗari. Yawancin masu gashi suna tara garwashi a gefe ɗaya: a ɗora tsoka a kan wuta ta yi ja, sannan a matsar da ita gefen da babu garwashi, a rufe ta nuna a hankali. Buɗe kafofin iska yana ƙara zafi, tsuke su yana rage shi. Gashin sannu-sannu na manyan gaɓoɓi yana tafiya a wajejen digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos, kaza kuma ba ta nuna ba sai cikinta ya kai 74.

Kulawa

Toka ce babbar abokiyar gabar murhu. In ta jiƙa tana zama kamar ruwan toka na girki, ga ta da riƙe danshi, sai ta zauna a ƙasan kasko tana ci. Ana kwashe ta da zarar ta huce. Soson ƙarfe na baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushi da ke tsatsa a jikin murhun, don haka da ruwan ɗumi da sabulu da tsumma ake wankewa, ana bin layin gogar ƙarfen. Silin burushin waya kan karye ya maƙale a raga ya shige nama, likitoci kuma sun sha ciro shi daga maƙogwaron mutane.

Haɗari

Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa a rufaffen ɗaki. Ragar da aka shafa wa tutiya tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi in ta sha wuta. An gano sinadarai masu alaƙa da cutar daji a ƙonannen nama da hayaƙin kitse, amma yawan haɗarinsu ga mai ci jefi-jefi ana kan bincike.

Saɓani

Tsakanin masu gawayin itace da masu curarre, da tsakanin masu gawayi da masu gas, gardama ba ta ƙare ba. Na itace ya fi zafi da ƙarancin toka, curarre ya fi daɗewa. Masu murhun yumɓu irin na kamado, wanda Ed Fisher ya shiga sayarwa a birnin Atlanta na Amurka a 1974, suna cewa nasu ya fi riƙe zafi.

A ƙasar Hausa

Mai tsire bai jira ƙarfe ba. Tukubarsa tudun ƙasa ce da toka, wuta a tsakiya, tsinkaye kafe a kewaye sun ɗan karkata, yana juya su yana yarfa mai. Kitsen yana zuba ƙasa ne maimakon cikin wuta, abin da murhunan waje ke nema da dabarar raba garwashi. Masu balangu da gasasshen kaza a birane sun fi amfani da rabin duro da mai walda ya yanka a tsaye, ya yi masa ƙafafu, aka ɗora raga, sau da yawa kuma da itace suke hurawa. Duron kan ɓule a ƙasa, a liƙa masa wani falle a ci gaba. A gidaje akwai kurfoti, wanda akan ɗora wa 'yar raga a gasa masara ko naman layya. Murhu marar tsatsa an fi ganinsa a manyan otal-otal da gidajen abinci, wani daga waje aka kawo, wani masu walda na gida suka haɗa da fallen da mai shi ya sayo.