Sakin bam mai 'ya'ya da daidaita fiyus a manhajojin kwaikwayon jirgin yaƙi

Bam mai 'ya'ya kwanso ne da ke buɗewa a sararin sama ya watsa ƙananan bama-bamai a kan fili mai faɗi. A manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi, irin su DCS World ta kamfanin Eagle Dynamics da Falcon BMS wadda aka gina a kan Falcon 4.0 na shekarar 1998, yana cikin makaman da suka fi ba sababbin matuƙa wahala. Bam na gama-gari inda aka auna nan yake faɗawa. Mai 'ya'ya kuwa tafiyarsa kashi biyu ce: ta kwanso kafin ya buɗe, da ta 'ya'yan bayan ya buɗe. Fiyus, wato na'urar da ke buɗe kwanson, shi ne ke raba tsakani. A zahiri ƙasashe fiye da 100 sun haramta wannan makami ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Oslo a Disambar 2008, ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2010, saboda 'ya'yan da ba su fashe ba kan ci gaba da kashe fararen hula shekaru bayan yaƙi. Amurka da Rasha da Sin ba su shiga ba.

Ire-irensa

CBU-87 na ɗauke da 'ya'ya 202 samfurin BLU-97, kuma da shi ake kai wa motoci, sojojin ƙasa da makaman kakkaɓo jirage hari. Mk-20 Rockeye da ɗan'uwansa CBU-99 na ɗauke da 247 samfurin Mk 118, waɗanda aka ƙera don huda sulke. CBU-97 dabam yake: a cikinsa akwai silinda 10 samfurin BLU-108, kowace da faifai 4, jimilla 40. Silindar na saukowa da laima, ƙaramar roka ta juya ta ta watsa faifan, kowane faifai kuma ya nemi zafin injin mota ya harbe ta daga sama. In aka ɗaura wa CBU-87 da CBU-97 wutsiya mai gyara hanya, sunansu ya koma CBU-103 da CBU-105. Jiragen Rasha irin su Su-25 suna amfani da RBK-250 da RBK-500.

Fiyus na lokaci da fiyus na tsayi

Fiyus na lokaci, kamar Mk 339 da ke kan Rockeye, agogo ne kawai. Yana fara ƙirga daga lokacin da bam ya bar jirgi, ya buɗe kwanso idan daƙiƙun suka cika. Ƙa'idarsa ta asali daƙiƙa 1.2 ce, zaɓi na biyu kuma daƙiƙa 4. Bai san nisansa da ƙasa ba. Bam da aka saki jirgi na tafiya a miƙe ƙafa 23 kacal yake sauka cikin daƙiƙa 1.2, cikin daƙiƙa 4 kuma wajen ƙafa 260. Ke nan wanda ya sake shi daga ƙafa 10,000 da wannan fiyus, kwanson zai buɗe kusan a gindin jirginsa, 'ya'yan su bazu ko'ina. Da fiyus na lokaci, tsayin da aka saki bam shi ne ke yanke tsayin buɗewa.

Fiyus na tsayi, kamar FZU-39 a kan CBU-87 da FMU-140 a kan CBU-99, yana da ƙaramar na'urar radar da ke auna nisa zuwa ƙasa. Ana zaɓar masa tsayin buɗewa, wanda jirgin A-10C ke rubutawa HOF, jirgin F-16 ke rubutawa BA. Matakan FZU-39 goma ne: ƙafa 300, 500, 700, 900, 1,200, 1,500, 1,800, 2,200, 2,600 da 3,000, duka daga doron ƙasa ake ƙirga su, ba daga matakin teku ba.

Nan ne aka fi yin kuskure. A jirgi na gaske ma'aikatan ƙasa ne ke saita fiyus a jikin bam kafin tashi. Lambar da matuƙi ke shigarwa a kwamfutar jirgi ba ta taɓa bam ɗin. Aikinta kawai sanar da kwamfutar abin da aka saita, domin ta lissafa wurin saki. Sababbin fitowar DCS sun bi wannan tsari, ana zaɓar fiyus a shafin tsara aiki ko a shafin lodin makamai. Idan bam na kan ƙafa 1,500 amma kwamfuta ta ɗauka 700 ne, kwanson zai buɗe da wuri, kuma da yake iska ta fi rage wa 'ya'yan gudu fiye da kwanso, sai su zuba kafin su kai ga abin hari. In aka juya lambobin, su wuce shi. Ƙorafin cewa bam "ba ya saiti" kan iya fitowa daga wannan saɓani.

Tsayi, juyi da yawan 'ya'ya a fili

Kwanson CBU-87 na juyawa kafin ya buɗe, kuma ana zaɓar juyin daga 0 zuwa 2,500 a minti, ana ƙara 500 a kowane mataki. Tsayi mai yawa da juyi mai sauri na faɗaɗa filin, amma adadin 'ya'yan bai ƙaru ba. A ɗauka sun bazu a fili mai mita 120 a faɗi da 240 a tsawo: murabba'in mita 28,800 ke nan, kowane ɗa guda ya samu kusan 143, wato fili mai mita 12 kowane gefe. Tankar yaƙi na iya zama a tsakiyar wannan ko ƙwarzane babu, musamman a DCS inda abin da ke da sulke sai an same shi kusan kai tsaye. Don haka ga motocin da suka taru wuri guda, tsayin ƙafa 700 zuwa 900 da juyi kaɗan ya fi amfani. Babban tsayi sai ga abubuwa marasa sulke da suka warwatsu.

CBU-97 ba ya bukatar juyin kwanso. Matsalarsa iska ce, domin duk daƙiƙar da silinda ta yi a ƙarƙashin laima gefe take tafiya. Wutsiyar CBU-105 ma iyakarta gyara hanyar kwanso. Da ya buɗe aikinta ya ƙare. A rana mai iska ana rage tsayin buɗewa, ko a ɗan karkata saiti zuwa inda iskar ke fitowa.

Matakan saki

Ana fara zaɓar yanayin harin ƙasa, a zaɓi makamin a shafin makamai (SMS a F-16, DSMS a A-10C), a duba cewa tsayin buɗewa ya yi daidai da na bam. Sai adadi da tazara tsakanin bama-bamai: SGL ɗaya-ɗaya, PAIR bibbiyu, a jirgin F/A-18C kuma QTY (jimilla), MULT (nawa za su fita a lokaci guda) da INT (tazara). Tazara da ƙafa ake rubuta ta. A gudun kilomita 830 a awa jirgi na cin ƙafa 760 a daƙiƙa, saboda haka tazarar ƙafa 500 kashi biyu cikin uku ne na daƙiƙa. Ya kamata tazarar ta ɗan gaza tsawon filin bam ɗaya, don kada a bar giɓi a tsakani. Ayarin motoci kuwa ta tsawonsa ake bin sa, ba a gicciye shi. Daga nan a kunna babban makunnin makamai.

A tsarin CCIP matuƙi na sunkuyo da jirgi, ya ɗora ɗigon saiti a kan abin hari, ya danna maɓalli. A CCRP, wanda F/A-18C ke kira AUTO, ana alamta wurin tun daga nesa, a bi layin da ke gilashin gaba, a riƙe maɓallin har kwamfuta ta saki da kanta. Wanda ya ɗaga yatsa da wuri, sauran bama-baman jerin za su tsaya a fuka-fuki.

Dole a saki sama da tsayin buɗewa, a kuma bar wa fiyus lokacin da zai ɗana kansa. A sunkuyon digiri 30 da wancan gudun, bam na sauka ƙafa 380 a daƙiƙa tun daga farko. Idan jinkirin ɗanawa daƙiƙa 4 ne, zai ci kusan ƙafa 1,780 kafin fiyus ya farka. A haɗa da tsayin buɗewa na 1,500, mafi ƙarancin tsayin saki ya kama wajen ƙafa 3,300 sama da ƙasa. Ƙasa da haka kwanson zai buɗe a makare ko ya daki ƙasa a rufe, shi ya sa F-16 ke nuna gargaɗin LOW a gilashi, F/A-18C kuma DUD. A yankin duwatsu ana cire tsayin wurin harin daga abin da ma'aunin tsayi ya nuna, domin ƙafa 5,000 a ma'auni a kan tudu mai ƙafa 2,500 rabinta ne kawai ya rage tsakanin jirgi da ƙasa.