Dayatom: halitta ce, ba ruwanta da Atomik

Ɗan yayata da ke Madina, wata unguwa a gefen Akara ta ƙasar Gana, ya kira ni bayan sallar isha'i, murya na rawa. "Kawu, dayatom ta shiga tankina." Na zaci gobara ce. Yaron nan wata da watanni ya yi yana tara sidi, kuɗin Gana, ya haɗa akwatin gilas na ruwan gishiri, irin wanda ake kiwon kifin teku da murjani a ciki, ya shimfiɗa farin yashi, ya jera duwatsu. Mako biyu da kunna fitila, sai ya wayi gari yashin ya yi jaja-jaja kamar an barbaɗa masa garin tsatsa, gilas ya dushe. Ya tura hoto zaurensu na WhatsApp, kafin ka ce kwabo an faɗa masa sunan cutar har da kuɗin maganinta.

Kalmar ta cika gari kwanan nan. Masu kiwon kifin ado na faɗarta, masu tallan farin garin kashe kuɗin cizo na faɗarta, har wani mai gabatar da shirin safe na ji a rediyo yana cewa wai guba ce dangin nukiliya, "ai ga atom nan a cikin sunan". Nan ne raina ya ɓaci.

Na san inda ya kwaso. Duk wanda ke hawa tro-tro, ƙaramar motar haya, tsakanin unguwar Legon da Madina ya saba jin yaron mota na kiran Atomik, sunan wata mahaɗar hanya da ya samo asali daga hukumar makamashin atom da ke Kwabenya, wadda aka kafa a 1963. Kuma gaskiya ne, kalmomin biyu uwa ɗaya ta haife su. A Girkanci, "tomos" yanka ne. In aka sa "a" a gaba, sai ya zama abin da ba ya yankuwa, wato atom, domin masanan da can sun ɗauka shi ne ƙarshen ƙanƙanta, babu wuƙar da za ta ƙara raba shi. In kuwa "dia" aka sa, sai ya zama abin da aka yanka biyu. Ka ga kenan suna ɗaya na cewa ba ya rabuwa, ɗayan na cewa a rabe yake. Abin dariyar shi ne, wanda aka ce ba ya yankuwa an fasa shi a ɗakin gwaji a Jamus a 1938, sunansa ya tashi daga gaskiya. Dayatom kuwa har gobe tana nan a rabe biyu kamar yadda aka raɗa mata.

Ƙwayar halitta ce guda ɗaya, dangin gansakuka, ido ba ya ganinta sai ta taru da yawa. Tana cin hasken rana kamar tsiro. Abin da ya bambanta ta shi ne gidanta, wanda take ginawa da silika, sinadarin da ake yin gilas da shi. Gidan ɓari biyu ne, tamkar kwanon sha da murfinsa. In za ta hayayyafa, sai kwano ya yi nan, murfi ya yi can, kowanne ya ƙera wa kansa sabon gindi. Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar shaƙa da tsirran duniya ke samarwa daga wajenta yake. Wannan ce fa aka kira guba.

Kuma ba baƙuwarmu ba ce. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake makeke. Farar ƙasar wurin ɓawon dayatom ne da suka mutu dubban shekaru da suka wuce, kuma daga can iska ke kwaso kaso mai yawa na ƙurar hunturu. Hazon da ke rufe Akara a Disamba da Janairu, wanda mata ke sharewa daga kan tebur safe da yamma, akwai ɓurɓushinta a ciki. Garin kuɗin cizon ma irin wannan ƙasar ce aka niƙa: tana tsotse maiƙon jikin ƙwaro ya bushe ya mutu. Kada dai a shaƙe ta, kuma masu cewa a dama a sha don wanke ciki ban bi su ba.

Mu koma tankin yaro. Sabon tanki fili ne da ba mai shi, ga haske, ga silika daga sabon yashi da duwatsu da ruwan da aka zuba, ga ragowar abinci, babu wata halitta da za ta yi mata kishiya. Dole ta fito. In ta cinye silikar, cikin 'yan makonni sai ta ja da baya da kanta.

Na tambaye shi da wane ruwa yake haɗa gishirin. Ya ce na famfo, in an ɗauke kuma ya sayi na tanka ko na leda. Tun da abin ya bayyana kullum sai ya kwashe rabi ya zuba sabo. Ana magani kai na kaba! Ruwan famfon Akara, na matatun Weija da Kpong, na sha ne, silikar da ke ciki ba ta cutar da mutum, na burtsatse ma yakan fi shi yawanta. Amma duk bokitin da ya zuba, tuwo ya kai mata. Abin da tankin teku ke so shi ne ruwan da ya bi ta na'urar tacewa da masu shaguna ke kira RO/DI, wanda in ka tsoma ma'aunin narkakkun sinadarai zai nuna sifiri. Daga nan sai ya goge gilas, ya zuƙe saman yashi da siririn tiyo, ya rage awannin fitila, ya rage hannu wajen ba kifi abinci, ya saki 'yan dodon koɗin teku su yi kiwo, don abincinsu ce.

Inda mai maganin ke cin kasuwa shi ne, duk abin da ya ɓata yashi dayatom yake kiransa. Ita gari-gari take, in ka shafa da yatsa sai ta tashi kamar ƙura. In ka ga shimfiɗa ja mai santsi tana ɓarewa kamar fata, wannan bakteriya ce. In kuwa zare-zare ne kamar majina, da 'yan kumfa maƙale, suna yawaita da rana su ragu da dare, to wannan wata halitta ce daban, wasu irinta na da dafin da ke kashe dodon koɗi, ita ce ta cancanci kiran dare. Ni a ganina da gangan ake barin sunan da baƙon harshe, domin da an ce wa yaro gansakuka ce, ba zai ciro ko sidi ɗaya ba.

Na ce masa kuɗin maganin ya kai su ga fanka da batirin famfon tankin. Murjani na son ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26, ɗakinsa kuwa rufin kwano ne, ga zafin watan Maris na tafe, ga ɗauke wuta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, to wanda na riga na saya fa?" Na ce ya duba ko bai fasa kwalbar ba tukuna.