Iyakar Ƙarfin Lantarki da Kwamfuresar Iyakwandishan ke Jurewa

Kwamfuresa ita ce injin da ke matsa gas ɗin sanyi a cikin iyakwandishan. Ita ta fi kowane ɓangare jan wuta, ita kuma ta fi tsada idan ta ƙone. Masu ƙera ta sukan yarda ƙarfin wuta ya ɗaga ko ya sauka da kashi 10 cikin ɗari daga adadin da aka rubuta a jikin na'urar.

A ƙasashen da ke bin ma'aunin ƙarfin lantarki na ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60038, wutar gida bolt 230 ce, don haka iyakar ta kama daga bolt 207 zuwa 253. Najeriya na amfani da bolt 230, haka ma yawancin ƙasashen Turai. A Amurka kuwa ana yawan rubuta 208/230 a jikin na'ura ɗaya domin ta yi aiki da layi iri biyu, sai iyakar ƙasa ta sauko har bolt 187, ta sama kuma ta tsaya a 253.

Raunin wuta ya fi yawanta kashe kwamfuresa, ko da yake mutane sun fi tsoron wuta mai ƙarfi. Idan wuta ta ragu da kashi 10, ƙarfin juyin injin yakan ragu da kusan kashi 19, alhali nauyin matsa gas yana nan yadda yake. Sai injin ya riƙa jan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) fiye da ƙima, kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, ya ɗau zafi. Lokacin tashi abin ya fi muni, domin a nan kwamfuresa takan ja ninki biyar ko shida na abin da take ja tana cikin aiki. In wutar ta gaza tayar da ita, sai a ji tana gurnani, makarin zafi ya katse ta, ta huce, ta sake gwadawa. Kowane gwaji yana cin rufin wayar kwayil, wanda injiniyoyi ke ƙiyasta cewa ƙarin zafin digiri 10 a ma'aunin Celsius yana rage rabin kwanansa.

Wuta mai yawa ita ma tana zafafa injin, ta lalata kafasita (ɓangaren da ke adana wuta don taimaka wa injin juyawa) da allon sarrafawa.

Manyan na'urori masu layi uku suna da wani sharaɗi na daban: bambancin da ke tsakanin layukan kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Misali, a na'urar da aka rubuta wa bolt 400, a auna a sami bolt 390 da 400 da 410. Matsakaicinsu 400 ne, mafi nisa ya kauce da 10, wato kashi 2.5. Kowane layi yana cikin iyaka, amma na'urar tana cutuwa.

Awon da ake dogaro da shi shi ne wanda aka yi a bakin na'urar, kwamfuresa tana aiki. Sau da yawa mita takan nuna 220 kafin a kunna, da an kunna ta zube, saboda siririyar waya, doguwar tafiya daga taransifoma, ko janareta da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa.

Inda wuta ke yawan rauni akan haɗa sitabilaiza, musamman mai jinkirta kunnawa na kimanin minti uku bayan an dawo da wuta, domin matsin gas ya daidaita kafin injin ya tashi. Na'urori masu inbata, wato ɓangaren da ke daidaita saurin kwamfuresa, sun fi juriya, saboda suna tashi a hankali ba tare da fizgar wuta ba, amma su ma iyakarsu tana rubuce a jikinsu.